Yadda za ka gwada zancen kasuwa da regresiyon: hatsin Maraɗi da na Jibiya

Yawancin ɗaliban tattalin arziki da ke kawo mini kundinsu na lisans ko mastar in duba, suna zuwa ne da tebur cike da lambobi da taurari, alamomin da kwamfuta ke sa wa sakamakon da ta ga ya wuce dace kawai. In na ce, to wace magana ce kake son gwadawa da wannan tebur, sai a fara sosa ƙeya. Sun koyi inda ake latsawa a kwamfuta, ba su koyi abin da ake tambayar ta ba. Shi ya sa nake koyar da regresiyon, wato lissafin auna yadda abu ɗaya ke motsawa tare da wani, da tambaya guda, a bi ta tun daga tushe har ƙarshe. Tambayar da na fi so kuwa kowa a Maraɗi ya san ta: ƴan hatsi suna cewa Najeriya ce ke yanka mana farashi, in gero ya hau a Jibiya ko a Dawanau ta Kano, to mu shirya. Gaskiya ne? In gaskiya ne, har zuwa ina?

Fara da takarda da biro, kwamfuta tana rufe. «Najeriya tana da tasiri a kan kasuwar Maraɗi» ba hasashe ba ne da za a gwada, domin babu alƙaluman da za su iya ƙaryata shi. Sake rubuta shi yadda zai iya faɗuwa: idan farashin kilon gero ya ƙaru da kashi 10 cikin 100 a Jibiya, na Maraɗi ma zai ƙaru. Kishiyarsa ita ce babu abin da ya haɗa su, wato adadin da ke ɗaure su sifili ne, kuma ita wannan kishiyar ce lissafi zai yi ƙoƙarin kayarwa. Akwai hasashe na biyu da ya fi wannan daɗi: cewa kasuwannin biyu a zahiri kasuwa ɗaya ce, kashi 10 can kashi 10 nan, wato adadin ɗaya ne cif. Rubuta duka biyun, ka rubuta alamar da kake tsammani, ƙari ko ragi, ka sa kwanan wata. Wannan takardar ce za ta hana ka canza zance bayan ka ga sakamako.

Alƙaluman, da wankinsu

Farashin hatsi na wata-wata yana wurin SIMA, ma'aikatar da ke bin kasuwannin amfanin gona a Nijar, kuma tana bin wasu kasuwannin ƙetaren iyaka, har da Jibiya. Hukumar abinci ta duniya, PAM, da FEWS NET, cibiyar gargaɗin yunwa tun da wuri, suna sa irin waɗannan alƙaluma a intanet kyauta. Ma'aunin tsadar rayuwa yana wurin INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Ruwan sama kuma akwai CHIRPS, wanda ke ba da ƙiyasi tun daga 1981. Nemi aƙalla shekara goma: layi 120 ke nan, kowane layi wata guda, kowane ginshiƙi abu guda.

Mafi yawan aikin yana nan, kuma nan ne ake gaggawa. Duba ko farashin na sari ne ko na awo, kada ka gwama na dillali a Jibiya da na mai tiya a Maraɗi. Duba ma'auni: kilo ne, tiya ce, ko buhu? Tiyar gero wajen kilo biyu da rabi ce, amma cikarta a kaka ba ɗaya ba ne da cikarta a tsakiyar damina, kuma buhun da ake kira na kilo 100 ba kullum yake kaiwa ba. In kai da kanka ka bi rumfuna kana tambaya, ka tuna da dala ake ba ka amsa. Wanda ya ce maka tiya ɗari da ashirin, sefa 600 yake nufi. Ginshiƙi guda da rabinsa dala rabinsa sefa ya isa ya lalata kundi duka.

Sai kuɗin. Tabbatar ko farashin Jibiya a naira yake ko an riga an juya shi zuwa sefa. In kai za ka juya, kada ka ɗauki canjin banki ido rufe. A farkon 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a hukumance, alhali wurin ƴan canji ta haura 700. Ɗan kasuwar da ya loda gero a Jibiya da canjin bakin titi yake lissafi, don haka shi ne ya shafi tambayarka. Watan da babu farashi, bar shi fili, kada ka cike da sifili. Kuma in Excel ɗinka na Faransanci ne, yana rubuta 0,62 da waƙafi ya raba ginshiƙai da waƙafi mai ɗigo; a R, manhajar lissafin ƙididdiga, ana buɗe irin wannan fayil da read.csv2. Wannan ɗan abu yana cinye wa mutane yini guda.

Kafin kowane lissafi, zana. Zane na farko: farashin biyu a kan lokaci, layi biyu a takarda ɗaya. Za ka ga saukar kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, da hawan Yuni zuwa Agusta lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. In alƙalumanka sun kai baya sosai za ka ga tsinin 2005. Zane na biyu: Jibiya a kwance, Maraɗi a tsaye, kowane wata ɗigo guda. Ɗigon da ya ware can shi kaɗai, koma ka duba shi a asalin takarda. Sau da yawa sifili ne ya ƙaru a wajen bugawa.

Layin da kansa

Regresiyon dai layi ne da ake ratsawa tsakanin waɗannan ɗigogi:

Maraɗi = a + b × Jibiya + saura

Adadin b shi ne hawan layin, nawa Maraɗi ke motsawa idan Jibiya ta motsa da ɗaya. Saura kuma tazarar da ke tsakanin kowane ɗigo da layin, wato abin da Jibiya ba ta bayyana ba. Layuka da yawa za su iya ratsawa, amma hanyar da ake kira MCO a aji tana zaɓar wanda in aka ninka kowace saura da kanta aka tara su, jimillar ta fi ta kowane layi ƙanƙanta. Legendre ne ya fara wallafa hanyar a 1805, tun babu kwamfuta, don haka kai ma za ka iya da hannu. Ina tilasta wa ɗalibaina su yi sau ɗaya da ɗigo biyar kacal: fitar da matsakaicin kowane ginshiƙi, cire shi daga kowace lamba, ninka ragowar biyun layi-layi ka tara, ka raba da jimillar ragowar Jibiya da aka ninka da kanta. Abin da ya fito shi ne b. Wanda ya yi wannan da biro ba ya ƙara kallon teburin kwamfuta a matsayin duba.

Ga farashi, ina ba da shawarar a ɗauki logaritim na ɓangarorin biyu. Amfaninsa shi ne b ya koma zancen kashi cikin ɗari, wanda ba ya damuwa da ko kilo ka auna ko buhu. Kayan aiki kuwa, kada kuɗin Stata ko EViews su tsayar da kai. R kyauta ne, gretl ma kyauta ne, yana da Faransanci, kuma yana tafiya a tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba. A R layi guda ne:

lm(log(maradi) ~ log(jibiya), data = hatsi)

sai ka sa summary a kansa ya fito maka da teburin.

A ce, don misali kawai, ya ba ka b = 0.62, kusa da shi kuma kuskuren ƙiyasi 0.11. Lamba ta farko tana cewa hawan kashi 10 a Jibiya yana tafiya da hawan kusan kashi 6 a Maraɗi. Ta biyu tana gaya maka yadda wannan 0.62 zai iya rawa da a ce wasu shekarun ka samu ba waɗannan ba. Ninka kuskuren sau biyu, ka cire ka kuma ƙara: daga 0.40 zuwa 0.84. Sifili ba ya cikin wannan tazara, don haka zancen babu dangantaka ya faɗi. Haka za ka gani in ka raba 0.62 da 0.11, ka samu lambar da ake kira t, wajen 5.6, wadda ta wuce iyakar 2 da aka saba nesa. Amma lura, ɗaya ma ba ya cikin tazarar. Cire 1 daga 0.62, raba da 0.11, za ka samu wajen −3.5, wato hasashen kasuwa ɗaya shi ma ya faɗi. Kwamfuta ba za ta yi maka wannan gwaji na biyu da kanta ba, taurarinta sifili kawai suke gwadawa. Ni kuwa a wurina shi ya fi muhimmanci, domin babu wanda ke shakkar akwai alaƙa. Abin da ake gardama a kai shi ne ƙarfinta.

Lambar p ana yi mata mummunar fahimta. Idan ta ce 0.03, ba tana nufin hasashenka gaskiya ne da kashi 97 ba. Tana nufin da a ce babu alaƙa sam, sakamako mai girman wannan ko fiye zai fito ne sau 3 cikin 100 ta hanyar dace kawai. Iyakar 0.05 al'ada ce da aka saba. Kuma tana da tarko: in ka gwada abubuwa ashirin da ba su da alaƙa da komai, ana sa ran ɗaya zai fito da tauraro. Wanda ya kwana yana sauya ginshiƙai har tauraro ya bayyana, ya nuna wannan kaɗai a kundi, bai gwada komai ba. R² kuwa, kason rawar farashin Maraɗi ne da layin ya kama. Ɗalibai suna alfahari da 0.95, ni in na gan shi a alƙaluman wata-wata, gabana ne ke faɗuwa, dalili yana tafe.

Abin da ka bari a waje

Maraɗi da Katsina sama ɗaya ce ke shayar da su. Shekarar da damina ta yi gardama a Madarunfa da Gidan Rumji, da wuya ta yi kyau a Jibiya. Kaka ma lokaci ɗaya take zuwa. Saboda haka farashin biyu za su hau tare su sauka tare ko da buhu ɗaya bai tsallaka iyakar Ɗan Isa ba. In ka bar ruwan sama da lokacin shekara a waje, b zai kwashe aikinsu ya ɗora wa Jibiya, ya kumbura. Ƙa'idar ita ce: duk abin da ke taɓa farashin Maraɗi kuma yake tafiya tare da na Jibiya, dole ya shiga lissafin.

Lokacin shekara ana shigar da shi da ginshiƙan sifili-ko-ɗaya, kowane wata nasa, amma goma sha ɗaya za ka sa, ba goma sha biyu ba. Watan da ka bari shi ne ake auna sauran da shi. A R, factor(wata) yana yi maka wannan. Ruwan sama kuma na daminar da ta wuce za ka sa, domin ruwan Agusta a farashin bayan girbi yake bayyana. Kuɗin mai ma yana da hujjar shiga, musamman bayan Najeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023.

Rufe iyaka shi ne ya ba wannan tambaya armashi. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019. Mutane da yawa suna sa ƙarshen rufewar a Disamban 2020, amma waɗanda aka buɗe a lokacin su ne Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya sai Afrilun 2022. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Yi ginshiƙi mai ɗaya a watannin rufewa, sifili a sauran. Shi kaɗai zai gaya maka ko farashin Maraɗi ya ɗaga ko ya sauka a lokacin. Tambaya mafi kyau ita ce ko igiyar da ke tsakanin kasuwannin ta yi sako-sako, kuma wannan sai ka ninka ginshiƙin iyaka da na farashin Jibiya ka shigar da abin da ya fito. In adadinsa ragi ne mai ƙarfi, rufewar ta raba kasuwannin. In kusan sifili ne, to ka samu a lamba abin da kowa ke faɗa game da barauniyar hanya da masu babura.

Sai dai kada ka zuba komai da ka samu. Layi 120 ba zai ɗauki ginshiƙi arba'in ba. Kuma in ka sa Jibiya da Mai'aduwa da Dawanau gaba ɗaya, tun da kusan tare suke tafiya, lissafi zai kasa raba aikin kowace, kuskuren ƙiyasi ya yi girma, duka su fito ba tauraro alhali tare suna da ƙarfi.

Tarkon lokaci

Nan ne kundi da yawa ke mutuwa a gaban masu jarrabawa. Abubuwa biyu da ke hawa da shekaru za su nuna alaƙa mai ƙarfi ko da babu ruwan wani da wani. Gwada farashin gero da yawan masu wayar salula a Nijar, za ka samu R² mai kyau da taurari uku. Granger da Newbold sun nuna wannan a 1974 da lambobin da suka ƙirƙira ba tare da wata alaƙa ba, kuma daga aikinsu aka samo wata alama mai sauƙi: in R² ya fi lambar Durbin-Watson girma, yi shakka. Ita wannan lamba tana tsakanin 0 da 4. Kusa da 2 lafiya, kusa da sifili yana nufin saurar wannan wata tana bin ta watan jiya, kuma t ɗin da kake murna da shi ya fi gaskiyarsa girma.

Matakin farko, zana saurar a kan lokaci. In ta daɗe a sama sannan ta daɗe a ƙasa, akwai matsala. Na biyu, yi wa kowane farashi gwajin Dickey-Fuller, ka ga ko yana komawa wani matsakaici ko yawo kawai yake yi. In yawo yake, yi aiki da canji maimakon matsayi: logaritim na wannan wata a cire na watan da ya gabata, a ɓangarorin biyu. R² zai faɗi warwas, kada ka damu. Sa canjin Jibiya na watan da ya wuce ma, domin labari da kaya ba sa isowa rana ɗaya. Don gyara kuskuren ƙiyasi akwai hanyar Newey da West ta 1987. A gretl akwati ne kawai za ka latsa, a R kuma kana buƙatar ƙarin kayan aikin da ake kira sandwich da lmtest.

Amma canji kaɗai yana zubar da wani abu mai daraja. Farashin kasuwanni biyu da ake safara tsakaninsu kamar shanun huɗa ne a karkiya ɗaya: su biyun za su iya karkacewa su bar kunya, amma ba za su yi nisa da juna ba, domin da zarar tazarar ta wuce kuɗin mota da na hanya, wani zai loda buhuna ya rufe ta. Engle da Granger sun ba da hanyar gwada wannan a 1987, kuma su biyun ne suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki ta 2003. Yi regresiyon na matsayi, ɗauki saurarsa, gwada ko tana komawa sifili, da teburin iyakoki na wannan gwaji ba na Dickey-Fuller na yau da kullum ba. In tana komawa, sa saurar watan jiya cikin regresiyon na canji. Adadinta ya kamata ya zama ragi. In ya fito −0.25, ma'anarsa kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar ke rufewa kowane wata. Wannan lamba ɗan kasuwa zai fahimce ta nan take, kuma zai gaya maka ko ta yi daidai da abin da yake gani.

Wa ke jan wa?

Ko bayan duk wannan, b bai ce Jibiya ce ke jan Maraɗi ba. Akwai lokacin da hatsin Najeriya ke shigowa, akwai lokacin da namu ke fita, ya danganta da girbi da darajar naira. In ka juya lissafin ka sa Jibiya a hagu, shi ma zai ba ka taurari. Gwada ko farashin Jibiya na watannin baya yana taimakawa wajen hango na Maraɗi, sannan ka gwada akasin haka, zai nuna maka wa ke riga motsawa, amma riga motsawa ba shi ne haddasawa ba.

Don kama sanadi ana buƙatar wani abu da ya faɗo daga waje. Misali mafi kusa da mu shi ne binciken Jenny Aker da aka wallafa a 2010. Layin salula ya shiga kasuwannin Nijar tsakanin 2001 da 2006, amma ba lokaci ɗaya ba, wata kasuwa bana wata baɗi. Ta kwatanta tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni biyu-biyu kafin layi ya zo da bayan ya zo, tana auna su da waɗanda bai kai gare su ba tukuna, ta samu raguwar tazarar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Regresiyon ɗin nata bai fi naka wuya sosai ba. Ƙarfinsa daga tsarin kwatancen ya fito. A tambayarmu, sakin naira da babban bankin Najeriya ya yi a Yunin 2023 yana kama da irin wannan dama, tun da ba farashin geron Maraɗi ne ya jawo shi ba. Matsalar ita ce ya zo makonni kaɗan bayan janye tallafin mai, makonni kaɗan kuma kafin rufe iyaka, don haka raba su da alƙaluman wata-wata abu ne mai wuya. Sakin naira na Yunin 2016 ya fi tsabta ta wannan fuska.

Wajen rubuta sakamako, ba da b da tazararsa da yawan watanni, sannan jimla ɗaya da mai rumfa zai gane: hawan jika ɗaya a buhu can yana tafiya da hawan kaza a nan, cikin wata kaza. Ce «yana tafiya da», kada ka ce «yana jawo», sai in kana da hujjar sanadi. Nuna teburin da babu ruwan sama da iyaka kusa da wanda ke da su, mai karatu ya ga yadda b ya sauya. Ajiye umarnin da ka buga a fayil guda tare da alƙaluman asali da ba a taɓa ba, domin ranar kare kundi wani malami zai ce ka cire shekarar 2023 a gani. Ka riga shi: raba alƙaluman gida biyu, kafin Agustan 2019 da bayansa, ka yi lissafin a kowane ɓangare, ka sa duka biyun a kundin ko da ba su yi daidai da juna ba.